Jirgi Cike da Malfa

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da na ji tana yawo a gidan nan, wai an taɓa kama ni da bindigogi a zamanin yaƙin basasa. Har na ji wani daga cikinku yana ba abokansa labarin yana hura hanci, kamar wani abin arziki ne. To kama ni dai an kama ni, har ɗaure ni an yi da igiyar jirgina a bakin gulbi, mutanen Lolo na kallo. Amma ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba, ko ta harbin gada. Ku saurara ku ji yadda aka yi, don kada in mutu ku mai da ni ɗan fashi.

Abin da babana ya bar mini a duniya jirgi ne. Ba irin ƙananan kwalekwalen masu su ba, babban jirgin kaya ne mai rumfa a tsakiya, wanda ya sa Nufawa suka sassaƙa masa tun ina goye. Da shi ya ciyar da mu, da shi na yi aure, kuma ranar da zai rasu bai ce mini in riƙe gona ko gida ba, cewa ya yi kada in bar jirgin ya kwana a tudu. Ni da abokin tuƙina Bawa mukan hau Kwara da shi mu wuce Madekali a ƙasar Dahome, wadda kuke kira Benin yanzu, mu kai Malanbil da Gaya, mu juyo da abin da Allah ya hore. A lokacin ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Mun yi kiɗa mun yi rawa, namu na Ingilishi sun tafi, na makwabtanmu na Faransi ma sun tafi, muka ɗauka gulbi ya zama namu mu kaɗai.

Sai yaƙi ya tashi a Gabas. Mu ba mu ga wuta ba, ba mu ji ƙarar igwa ba, amma mun ji shi a bakin miya, don gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace, kwaltar da muke liƙe jirage da ita ta zama kamar zinariya. Wanda yake fassara mana duniya shi ne Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a manyan jiragen hayaƙi na can ƙasan gulbi, har ya ga inda Kwara ta shiga teku. Yana da rediyo mai jan baturi, kuma in ya kunna ta a gindin tsamiyar bakin ruwa ba mai tari sai ya gama.

"Ku ba ku san komi ba," in ji shi. "Gulbin ga da kuka gani baki gare shi, kuma an toshe bakin. Jiragen yaƙi na nan tsaye cikin teku, ba mai shiga ba mai hita sai sun duba cikinai. Ingilishi ya ba gwamnati kayan hwaɗa, Rasha ta ba ta jiragen sama, shi ko Faransi shina bayan katanga shina miƙa ma waɗancan hannu. Can wajen Masar ma an ruhe mashigin da jirage ka bi, sai sun kewaye ƙasar baƙar hwata duka. Su manya suna wasan dara bisa ruwa, mu munka rasa gishiri."

Muka yi ta dariya, don mun saba Kawu in ya fara sai ya kai Masar. Amma ba a jima ba muka ga gaskiyarsa da idonmu. Tun da Dahome ɗiyar Faransi ce, aka fara raɗe-raɗin cewa ta nan za a riƙa shigo da makamai, aka turo sojoji suka kafa tanti a mashigar Lolo, ƙarƙashin wani saje dogo, mutumin wajen Zariya. Ya tara mu masu jirage ya yi mana magana a fili, ba zagi ba tsawa. Ya ce duk jirgin da ya sauko daga sama za a bincike shi, wanda kuwa aka samu ya ɗauko makami, za a ƙone jirgin a gaban jama'a, mai shi kuma a wuce da shi inda ba a dawowa da wuri.

Ranar a gidanmu ba a ci tuwo da daɗi ba. Kawu Manu ya ce in ja jirgin tudu in kifa shi har yaƙi ya ƙare, in koma noma kamar kowa. Innata, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta iya magana a hankali ba, ta aje ludayi ta dube shi.

"Manu, kai da kac ce ka ga teku, yau kai ka tsoron gulbi? Jirgin da ubanai ya ce kada shi kwana tudu? In anka kihe shi wata ukku cikin ranag ga, mi za a iske, in ba itacen wuta ba?"

Hajo, kakarku, tana gefe tana jin su. Ita Badandiya ce, 'yar Madekali, kuma in an rufe gulbi an rufe mata hanyar gida ke nan. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuwa a lokacin murmushin nan ya fi mini shawarar dattawa goma. Na ce zan tafi. Kawu ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Dabara ce ta faɗo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Bazara ta kama, manoma na shirin sharar gona, Fulani na shirin tashi, kowa zai nemi malfa, hular kaban nan mai faɗi da ke tare rana. Masu kawo ta daga wajen Gaya duk tsoron sojoji ya zaunar da su. Na ce in na riga kowa na cika jirgi da ita na iso ranar kasuwar Lolo, ba mai ja da ni. Haka kuwa muka yi. Muka loda malfa har ta kusa taɓa rumfa, muka lulluɓe ta da tabarmi muka ɗaure tam, don kada raɓa ta taɓa ta, kuma don kada idon 'yan kasuwa ya gan ta wani ya riga ni.

Da muka sauko Madekali na tsaya in aika da gaisuwa gidan surukaina. A nan ne ƙaddara ta same ni da rana tsaka. Surukata, mahaifiyar Hajo, tana bakin ruwa tana wanki. Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya ba za ku gane ba. A zamaninmu ni da ita ba ma haɗa ido, ba ta kiran sunana, ba na cin abinci inda take, in mun yi kiciɓis a hanya ɗayanmu ya ratse daji. Tana hango jirgina ta juya mini baya ta ja mayafi, ni kuma na durƙusa a cikin jirgi na gai da ƙasa. Sai wani masunci da na sani ya ɗaga murya daga gaɓa, ya tambaye ni da Dandanci me na rufe haka kamar gawa. Dandancina na kasuwa ne, na gaisuwa da ciniki da zagin kada. Na lalubi sunan hular a harshensu na rasa, sai na jefa namu a ciki. Na ce masa malfa ce, jirgi cike, amma don Allah kada ya gaya wa kowa sai na sauke.

Shi masuncin yana jin Hausa, ya gane, ya yi dariya ya wuce. Abin da ban sani ba shi ne, a bakin Dandawa malfa ba hula ba ce. Bindiga ce. Tsohuwar nan kuwa ba ta jin Hausa ko ta sannu. Abin da ya shiga kunnenta shi ne mijin ɗiyarta ya cika jirgi da bindigogi a tsakiyar yaƙi, yana roƙon a rufa masa asiri. Da wani ne da ta juyo ta tambaye shi ko ya haukace. Amma ni surukinta ne, ba ta da bakin yi mini magana. Sai ta bar wankin a nan, ta nemi wata mai tallan kifi da ke bin hanyar ƙasa zuwa Lolo, ta ce ta yi wa Allah ta gaya wa Hajo ta tare mijinta kafin ya hallaka su.

Mu kuwa muna can hankali kwance. Muka ma ya da zango a wata tunga ta masunta a tsakiyar ruwa, muna jiran su kwashe mana banda daga wuta, Bawa yana waƙa yana lissafin matar da zai aura da ribar malfa. Kafin mu iso, saƙo ya riga mu. Mai tallan kifin ta iske Hajo a bakin rijiya cikin mata, kuma don ta nuna ta iya Hausa sai ta fassara saƙon da ƙarfi, ta ce mijinki na tafe da jirgi cike da bindiga. Maganar da aka yi a bakin rijiya kuwa ba ta kwana ba ta kai tanti.

Muna karyo kwanar Lolo da hantsi na ga bakin gulbi ya cika da mutane, na ce wa Bawa ka gani, labarin malfarmu ya bazu, ciniki ya faɗi. Ban rufe baki ba na ji harbi a sama. Bawa ya saki gora ya kwanta a cikin jirgi yana salati. Sojoji suka shigo ruwa har gwiwa suka jawo mu, aka ɗaure ni, aka yanke igiyoyin tabarmi. Malfa ta zubo, iska ta kwashi wasu suna gangarawa a kan yashi, yara na bin su. Aka zazzage jirgin har ƙasa ba a sami ko allura ba. Na ce a raina shi ke nan, gani ya kori ji. Ashe ba a fara ba.

"Ina ka sauke su?" in ji Saje. "An ce mini kun tsaya a tunga. Huluna a sama, bindigogi a ƙasa, wannan tsohuwar dabara ce. Kuma ba maƙiyinka ne ya kawo ƙararka ba, daga gidan surukanka maganar ta fito."

Na rantse da abin da zai kashe ni, bai saurare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba, don an ce masa ya tsare ruwa ne. Ya sa aka ja jirgin babana aka hau da shi kan yashi, aka aje garwar fetur a gindinsa. Ya ce babbansu na nan tafe daga Birnin Kabi, in ya iso za a cinna wuta. Ni aka kai ni rumfar kwastan aka zaunar. Daga inda nake ina hango jirgin, rana na dukansa, kuma duk mai jirgi ya san itacen da ya saba da ruwa in ya sha rana tsagewa yake. Ban ji tsoron gidan yari ba kamar yadda na ji zafin wannan. Kwanakin nan ko ruwa na kai baki sai in ji kunya, ina sha shi yana ƙishi.

Hajo ta kawo mini fura, idonta jawur. Ita ma ta yarda, ku ji fa. Ta aje ƙwarya ta ce da ni cikin raɗa:

"Kai ko mi ya kai ka? Muna da hatsi, muna da lahiya. Bindiga?"

"Wace bindiga? Ke ma? Malfa na ɗauko, ga ta can yara na wasa da ita. Abin da nac ce ma mutumin Madekali ke nan, malfa, jirgi cike."

Ta dube ni, ta dubi hulunan da aka tara a gefe, ta sake dubana.

"Da wane baki kac ce mishi? Da Hausa ko da namu?"

"Da naku. Sunan hular ne ban sani ba, sai na sa namu."

Wallahi ina ɗaure, jirgina na jiran wuta, matar nan ta dafe ciki ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, sojan da ke gadi ya ɗauka aljanu ne suka buge ta. Da ƙyar ta iya gaya mini abin da na faɗa a gaban uwarta. Ta je ta yi wa Saje bayani, ya ce mace ba ta rasa abin faɗa don ta ceci mijinta, sai dai wadda ta aiko da saƙon ta zo da bakinta. Hajo ba ta koma gida ba. Ta ɗaure zane ta kama hanyar ƙasa zuwa Madekali, iyaka a rufe, amma wa zai tare mace da ƙwarya a ka.

Ranar kasuwa suka iso, ita da tsohuwar a kan jaki, kuma ranar ce aka ce babban soja zai zo da la'asar. Kasuwa ta watse ta dawo bakin gulbi. Surukata tana sauka ta hango ni ta juya baya, ni ma na juya, muka tsaya ƙeya da ƙeya a gaban hukuma. Saje ya tambaya ko gaba muke yi, Kawu Manu ya ce a'a, kunya ce, kuma ita ta kawo mu nan. Sai Saje ya cire bindigar kafaɗarsa ya zare harsashi ya kwantar da ita a kan yashi, ya ɗauko hula ɗaya ya aje kusa da ita. Ya hana Hajo yin tafinta, ya kira wani Bafulatani mai jin harsunan duka, ya ce a gaya wa tsohuwa ta nuna masa malfa. Ni ban gani ba, bayana na ba su, amma na ji jama'a sun yi "af!" gaba ɗaya, don ba ta yi wata-wata ba ta nuna bindiga. Sai ya kira Innata ya ce ita ma ta nuna. Inna ta ɗauki hular ta kifa masa a ka.

"Ga malfa, ɗana. Ta kuwa yi ma kyau. Sai ka kwance min yaro."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Sojoji na riƙe juna, mata na guɗa, Bawa yana birgima a yashi, Saje da kansa ya tsaya da hular a ka yana girgiza kai yana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Kawu Manu ya ce a rubuta a kai wa Ingilishi da Faransi da Rasha, a ce musu an kama makaman Lolo, kowa ya kwantar da hankalinsa. Da babban ya iso ya iske rabin sojojinsa sanye da malfa, kuma kafin magariba ba ta rage ko ɗaya ba, don kowa so yake ya sayi bindigar Garba, wato hular nan tawa, ya kai gida.

Sai dai da na je na shafa jirgin, murnata ta koma ciki. Rana ta tsaga shi a ciki, tsaga mai tsawon hannu, har ina hango yashi ta cikinta. Kwalta kuwa babu ita daga nan har Yawuri, tana can cikin jiragen da aka tare a teku. Muka rasa ta yi. Washegari da safe na fito na iske Hajo a gindin jirgin da tulin tsumma a gabanta, shuɗi mai kyau, an yayyaga shi siri-siri. Na gane shi. Zanen saƙi ne da surukata ta zo da shi, wanda ba ta ɗaurawa sai ranar salla. Tana can nesa a gindin tsamiya ta ba mu baya, tana yagar sauran da haƙori. Muka jiƙa tsumman da man kaɗanya, muka dafa ƙaro, muka yi ta cusawa da bakin wuƙa muna dannawa, Kawu yana ba da umarni kamar shi ya ƙera jirgin. Muka tura shi ruwa muka bar shi ya sha ya kumbura, ni kuwa ina zaune a gaɓa ina kallonsa kamar mai jinya.

Tafiyarsa ta farko, surukata muka mayar gida. Saje ya ba mu izini da kansa. Ta zauna can gaba tana fuskantar ruwa, Hajo a tsakiya, ni a baya ina tuƙi, idona a kan tsagar. Muka wuce tunga, muka wuce iyaka, ƙasan jirgi a bushe ƙamas, ko ɗigo bai shigo ba. Ban san lokacin da na fara waƙar tuƙin babana ba, sai da Hajo ta harare ni na tuna wa ke gaba na yi shiru.

Da muka isa Madekali ta sauka a hankali, ruwa na taɓa idon sawunta. Ba ta wuce ba. Ta tsaya ta dafa hancin jirgin da hannu biyu, ba ta dube ni ba, ta yi magana da Hausar da na tabbata a hanya ta roƙi ɗiyarta ta koya mata, wadda ban taɓa jin ta yi ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba har ta koma ga Allah.

"Jirgi, yi haƙuri."

Ba ni da ikon amsa mata, sai na sunkuya na dubi ruwa na ce:

"Jirgi ya ce ba komi, Inna. Ya ce ya gode da zane."